Yadda Ake Zaɓen Tukunyar Salansa da Ɗaura Ta a Tsohuwar Motar Gudu Mai Kujera Biyu

Tsofaffin motocin gudu irin su MGB, Triumph TR6, Jaguar E-Type, Austin-Healey 3000, Alfa Romeo Spider da Datsun 240Z duk a ƙasa suke, cikinsu ya kusa shafar titi, kuma direba yana zaune ne dab da bututun hayaƙi. Wurin da aka bar wa salansa a ƙarƙashinsu ɗan kaɗan ne. Tukunyar da ta fi ta asali kauri da inci ɗaya kawai tana iya riƙa bugun ƙasa a kowane tudu, ko ta gasa daɓen motar, ko ta cinye bututun birki a hankali. Saboda haka mafi yawan wannan aiki awo ne da haƙuri. Ɗaure noti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi.

Fara tabbatar da cewa tukunyar ce ta mutu

Ƙara a ƙarƙashin mota ba kullum daga tukunya take fitowa ba. Bari motar ta huce sarai, ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka bi bututun tun daga jikin inji har wutsiya. Duk inda hayaƙi ke tsira za ka ga baƙin tabo ya yi layi a jikin ƙarfen. Ka ɗan bubbuga tukunyar da gudumar roba. Idan ka ji wani abu yana kwaramniya a ciki, faifan da suka raba cikinta sun balle. Idan ka danna da ɗan yatsa ka ji ƙarfen yana lotsawa, tsatsa ta gama da ita.

Sannan ka ta da injin a fili, ka sa wani ya toshe bakin wutsiyar da tsumma na 'yan daƙiƙu kana saurare. Salansa mai lafiya za ta turo tsumman da ƙarfi, injin ya nemi mutuwa. Mai huji kuwa za ta yi huci daidai inda hujin yake. Sau da yawa za a tarar laifin na gasket ɗin da ke tsakanin manifol (ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin inji) da bututun farko ne, ko manifol ɗin ne ya tsage, tukunya kuwa lafiyarta ƙalau.

Akwai dalilin da ya sa tukunyar baya ce ke fara mutuwa a waɗannan motoci. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, yana fita a matsayin tururi. Motar da ake ta da ita minti goma a gareji a kashe, ko a ɗan zaga da ita a dawo, salansarta ba ta yin zafin da zai kore wannan ruwa. Sai ya taru a tukunyar baya, wadda ta fi nisa da inji kuma ta fi sanyi, ya cinye ta daga ciki. Shi ya sa za ka ga tukunya tana sheƙi ta waje, alhali cikinta ya ruɓe. Idan tukunyar ta kai wannan hali, ka duba bututun da ke shiga cikinta da kyau. In shi ma ya yi laushi, sayen tukunya kaɗai ɓarnar kuɗi ce, domin babu lafiyayyen ƙarfen da za a ɗaure ta a kai.

San motarka kafin ka yi oda

Sunan mota kaɗai ba ya isa. An ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, kuma a ƙarshen 1974 aka sa mata bamba ta roba, aka ƙara mata tsayi daga ƙasa. Waɗanda aka kai Amurka daga 1975 kafireta ɗaya gare su da manifol na daban, don haka bututun gabansu bai yi daidai da na sauran ba. TR6 akwai mai bututu ɗaya, akwai mai biyu, tukunyarta kuma a gicciye take a baya. Porsche 911 mai sanyaya inji da iska, na 1974 zuwa baya tukunyarsa mashiga biyu gare ta, na bayan nan mashiga ɗaya. Lambar shasi ita ce za ta raba maka gardama, ita za ka ba mai sayarwa.

Ko da lambar a hannu, ka auna abin da ke jikin motar. Motar da ta shekara hamsin ta bi ta hannun mutane da yawa, kuma ba mamaki wani ya taɓa yanka bututun ya jona wani dabam. Abubuwan da za ka rubuta a takarda: faɗin bututun da zai shiga tukunya, tsawon tukunyar, faɗinta da kaurinta, siffarta (zagayayya ce ko mai siffar ƙwai), inda mashiga take da inda mafita take (a tsakiya ko a gefe), da wuraren da ake rataye ta. Ka ɗauki hoton komai da waya kafin ka taɓa noti ko ɗaya.

Wajen auna bututu ne aka fi yin kuskure. Bututu yana da faɗin ciki da faɗin waje, kuma a haɗin da ake zura ɗaya cikin ɗaya, faɗin wajen bututunka ne zai yi daidai da faɗin cikin bakin tukunya. Idan ba ka da ma'aunin kauri, ka zagaya bututun da zare, ka auna zaren, ka raba da 3.14. Ka goge tsatsa tukuna, kuma ka auna nesa da inda kilam (ƙarfen da ke ɗaure haɗin bututu) ya matse. Inci 1¾ milimita 44.5 ne, inci 2 kuwa 50.8. Bututun milimita 45 ko 50 ya yi kusa da waɗannan, amma ba ɗaya ba ne, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya hana shi shiga ko ya bar shi yana yoyon hayaƙi.

Wace irin tukunya?

Iri uku ne a taƙaice. Akwai mai ɗakuna, wadda aka raba cikinta da faifan ƙarfe, sauti yana bugun bango yana dawowa yana kashe kansa. Akwai wadda hayaƙi ke bi ta bututu masu huji-huji, ya je gaba ya dawo baya sannan ya fita. Wannan ita ce mafi shiru, kuma akasarin salansar asali haka take ko gaurayenta da ta farko. Ta uku ita ce miƙaƙƙiya: bututu ɗaya mai huji ya ratsa ta daga baki zuwa baki, an nannaɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe da ke shanye sauti. Idan ka leƙa ta wannan baki za ka hango haske ta wancan. Ita ce ta fi barin hayaƙi ya wuce, ita ce kuma ta fi ƙara, sannan audugar tana ƙonewa da shekaru, ƙarar ta riƙa ƙaruwa.

Miƙaƙƙiyar tana shanye siririn sauti da kyau, amma ba ta iya wa mai kauri. Daga nan ne gurnanin nan yake fitowa, wanda ke cika cikin mota idan ana tafiya a gudu ɗaya a doguwar hanya. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana harba hayaƙi sau 100 a daƙiƙa, mai silinda shida kuma yana kai wannan adadi tun a juyi 2,000. Sauti mai wannan kauri yana ratsa daɓe da kujera har cikin kai. A minti biyar na farko daɗi gare shi. Bayan awa biyu ba ka jin maganar wanda ke gefenka, kuma ka sauka da ciwon kai. A motar da ke da rufin ƙarfe, irin MGB GT ko 240Z, abin ya fi tsanani. Idan motarka ta zo da ƙaramar tukunya a tsakiya kafin ta baya, ka bar ta a wurinta, domin wannan gurnani aka sa ta ta kashe.

Shawarata ga wanda ke hawan motarsa a titi: ya nemi tukunya mai siffar ta asali, daga masu ƙera kayan wannan mota takamaimai. Tukunyar da ake cewa tana shiga kowace mota, gaskiyarta ba ta zauna daidai a kowacce sai an yanka an yi walda.

Sai batun girman bututu, inda ake yawan ruɗin mutane. Wasu na cewa inji yana buƙatar a ɗan danne masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Abin da yake buƙata shi ne hayaƙin ya fita da sauri, domin kowane bugu da ya wuce da gudu yana jawo na bayansa, ya taimaka wajen share silinda. Bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage wannan gudu, hayaƙin ya huce ya yi nauyi, motar ta rasa ƙarfin tashi daga ƙasa. Daga inci 1¾ zuwa 2½ kamar ƙaramin ƙari ne a ido, amma sararin da hayaƙi ke bi a ciki ya ninka biyu ke nan. Injin da bai wuce lita 2 ba, wanda ba a yi masa wani aikin ƙara ƙarfi ba, inci 1¾ zuwa 2 ya ishe shi.

Ƙarfen da aka yi ta da shi

Baƙin ƙarfe na gama-gari shi ne irin na asali, kuma masu kunne da yawa sun fi son sautinsa don ya fi taushi, amma shi ya fi saurin tsatsa. Wanda aka shafe da alminiyam ya fi shi daɗewa, sai dai wajen walda ne rauninsa, domin wuta tana ƙone shafen. Ƙarfe mara tsatsa iri biyu ne a wannan sana'a. Lamba 409 yana yin ja-ja ta waje amma ba ya saurin hujewa, kuma mayen ƙarfe yana kama shi. Lamba 304 yana da kiromiyam wajen kashi 18 cikin 100 da nikel wajen kashi 8, ya fi jure ruwa nesa ba kusa ba, mayen ƙarfe kuma ba ya kama shi sai ɗan kaɗan a inda aka lanƙwasa. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu idan za ka duba kaya.

Tun da waɗannan motoci sun fi zama a ajiye fiye da tafiya, 304 ne zaɓina. Amma ka ɗaga ta ka ji nauyinta. Wadda aka yi da siririn faranti tana yin amon gwangwani, kuma tana tsagewa a bakin walda saboda girgiza.

Ka san dokar inda kake. A Kalifoniya, alal misali, iyakar ƙarar salansar ƙaramar mota desibel 95 ce, kuma a Amurka doka ta hana cire matatar hayaƙi (catalytic converter, mai rage gubar hayaƙi) daga motar da ta zo da ita daga kamfani.

Tare da tukunyar ka sayi sababbin kilam, robobin rataya, gasket da notuna. Tsohuwar roba ta riga ta saki, za ta bar sabuwar tukunya tana lilo.

Shiri da cire tsohuwar

Daren da za a yi aikin gobe, ka fesa man sassauta tsatsa a kan kowane noti da kowane haɗi, ka sake fesawa da safe. Ka ajiye motar a kan daɓe mai ƙarfi kuma miƙaƙƙe, ka sa waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa, ka ɗaga ta, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafe mota. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tsohuwar mota kuma sai ka duba inda za ka kafa tallafin, domin wurin da littafi ya nuna yana iya kasancewa ya ruɓe. Ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka shiga. Ka sa tabarau, tsatsa za ta zubo maka a fuska.

Ka dubi sifanunka. Motocin Ingila da Amurka na wancan zamani notunansu na inci ne, na Jamus, Italiya da Japan kuwa na milimita. Sifana 13 tana zama a kan noti mai rabin inci, amma rabin inci milimita 12.7 ne, kuma a kan noti mai tsatsa wannan ɗan sako-sako ya isa ya murje kansa.

Ka tallafi bututun tsakiya da jak ko waya kafin ka saki komai, don kada nauyin salansar ya rataya a wuyan manifol. Manifol zubin ƙarfe ne, tsagewa yake yi, kuma na wasu motocin samunsa wahala ne. Kwance kilam, in ya ƙi ka yanke shi, tun da sabo za ka sa. Cire robobin, ɗan ruwan sabulu yana sa su zame. Daga nan ka kama tukunyar ka riƙa murɗa ta hagu da dama kana ja baya.

Yawanci ba za ta fito ba, domin kilam ya matse bututun biyu ya yi musu wuya, tsatsa kuma ta haɗe su. Kada ka hau dukanta da guduma, duk bugun yana tafiya ne har jikin inji. Tun da tukunyar ta mutu, ita za ka sadaukar. Ka tsaga bakinta a tsaye da giranda ko zarto, a hankali, kaurin bututun waje kaɗai, sannan ka sa cizal ka buɗe tsagar, sai ta saki. Kafin ka kunna giranda ka duba inda tankin mai, famfon mai da bututunsa suke, ka kare su da faranti. A MGB famfon mai yana nan baya kusa da aksil. Idan kana jin warin fetur ko kaɗan, ka ajiye giranda ka ɗauki zarto. In kuma aikin ya kai ga walda, a cire kan batir tukuna.

Idan ka ci karo da wani farin allo ko tsumma mai gari-gari a matsayin kariyar zafi, ko tsohon gasket irin na da, ka ɗauka asbestos ne, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. Kada ka goge shi da buroshi ko ka hure shi. Ka jiƙa shi, ka sa takunkumi, ka cire shi ɗungurungum cikin leda.

Ɗaura sabuwar

Goge bakin bututun da ya rage da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya fito. Idan tsohon kilam ya lotsa shi, akwai ƙarfen buɗa bututu da ake zurawa ciki a ɗaure, ya mayar da shi zagayayye. In ka tsallake wannan, haɗin ba zai taɓa toshewa ba komai yawan ɗauri.

Gwada tukunyar a bushe tukuna, ba tare da shafa komai ba. Bututun ya shiga aƙalla inci 2, ya wuce ƙarshen tsagar da ke bakin tukunyar. Ka duba alamar mashiga da mafita, domin wasu tukwanen gefe ɗaya kawai suke karɓar hayaƙi. Idan akwai ɗan hujin zubar da ruwa, ƙasa zai kalla, kuma ba a toshe shi.

In komai ya zauna, ka cire, ka zura kilam a jikin bututu tun kafin ka haɗa, ka shafa man toshe salansa siriri a bakin, ka mayar. Wannan man ba a sa shi a gaban matatar hayaƙi, domin ɓarɓashinsa yana toshe ta. Game da kilam, mai siffar U yana riƙewa da ƙarfi amma yana lotsa bututu. Mai faɗi irin na ɗamara ba ya lotsawa, kuma gobe idan za a kwance ba sai an yanka ba. A kan ƙarfe mara tsatsa, na ɗamara nake zaɓa.

Yanzu ga wurin da aikin yake gyaruwa ko ya lalace: kada ka ɗaure komai tukuna. Ka rataye salansar duka a kan robobinta, kowane noti da hannu kawai, yadda kowane haɗi zai iya juyawa. Sannan ka daidaita. Salansa tana son ta rataya ne ba tare da an tilasta mata ba. Idan sai ka danna da gwiwa ko ka sa ƙarfe ka banƙara kafin noti ya shiga, wannan ƙarfin yana nan a cikin bututun, kuma wata rana zai fito a matsayin tsaga a bakin walda ko karyayyen sitod (sandar da noti ke hawa) a manifol. Gara ka lanƙwasa ƙarfen rataya ya zo wurin tukunya, da ka ja tukunya ta je wurinsa.

Ka nemi tazarar wajen inci ɗaya tsakanin salansa da komai: daɓe, shasi, tankin mai, wayar birkin hannu, bututun birki. Inda wuri ya ƙi, kada ya gaza kaurin ɗan yatsa, kuma a sa farantin kare zafi. Wannan ya fi muhimmanci a MGA mai daɓen katako, da Corvette ko Lotus Elan masu jikin faiba. Ka tuna kuma cewa idan mota tana kan tallafi, aksil ɗin baya yana saukowa ƙasa, tazarar da kake gani ba ita ce ta gaskiya ba. Ka sa jak ka ɗaga aksil har nauyin motar ya fara hawa kansa, ka sake dubawa.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Salansar 304 mai tsawon mita 3, idan zafinta ya ƙaru da digiri 300 na Salsiyas, tana ƙara tsawo da wajen milimita 15, kuma baya take tafiya tun da gabanta a ɗaure yake da inji. Don haka robobin su ɗan karkata gaba lokacin da take sanyi, kuma a bar sarari tsakanin bayan tukunya da jikin mota.

Wutsiyar dole ta fito ta wuce ƙarshen jikin motar. Wannan ba maganar ado ba ce. Bayan mota mai tafiya iska tana yin juyi, tana tsotso hayaƙi ta shigar da shi ta ƙofar but, ta robar da ta tsufa, ko ta saman kujeru idan rufi a buɗe yake. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana fara sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Masu 240Z sun daɗe da sanin wannan matsala ta ƙofar baya. Masu tsohon 911 kuma su duba akwatunan da suka lulluɓe bututun hayaƙi, domin ta cikinsu iskar ɗumama cikin mota take bi, kuma idan bututun ya huje a ciki, hayaƙin kai tsaye yake zuwa fuskar direba.

In ka gamsu da zaman komai, ka fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya, kana duba wutsiya bayan kowane haɗi don kada ta karkace. Kilam mai noti biyu, a ɗaure su bi da bi. Ka juya ƙafafun kilam su kalli gefe, domin in sun kalli ƙasa su ne za su fara kama tudu. Ɗan giris mai jan ƙarfe a kan zaren noti zai sauƙaƙa wa mai kwancewa nan gaba, a sitod ɗin manifol kuma notin tagulla ya fi, don ba ya mannewa. Ka kama wutsiyar ka girgiza ta sama da ƙasa, hagu da dama. In ka ji ta taɓa wani abu, ka sassauta ka gyara yanzu.

Gwaji

Sauke motar, ka fitar da ita fili, ka ta da ita. Ka kai hannu kusa da kowane haɗi ba tare da ka taɓa ba, ka ji ko iska na fita, sannan ka maimaita gwajin tsumma. Ka bar ta tana silo minti goma don man toshewar ya bushe. Ɗan hayaƙi da wari daga jikin sabuwar tukunya fenti ne da mai ke ƙonewa, zai wuce.

Idan kana jin bugu lokacin tashi ko sakin totur, alhali salansar ba ta taɓa komai a tsaye, ka duba robobin da inji da giya ke zaune a kai. In sun mutu, injin yana juyawa fiye da kima yana jan salansar tare da shi, kuma zai karya sabuwar kamar yadda ya karya tsohuwar.

Bayan tafiya ta farko mai ɗan nisa, ka bari ta huce sarai ka sake bin duk notunan, domin zafi da sanyi suna sassauta su. Ka sake yin haka bayan wasu ɗaruruwan kilomita. Idan sabuwar tukunyar ta fi tsohuwar buɗewa sosai, mota mai kafireta tana iya komawa tana shan iska fiye da mai. Alamarta ita ce tartsatsin ƙara a salansa idan ka saki totur, da fulogin da ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa. Kafin ka taɓa kafireta ka tabbatar babu huji a haɗin gaba, domin iskar da ke shiga ta nan tana kawo irin wannan ƙara. In haɗin lafiya yake, sai a ƙara mai kaɗan. A kafiretan SU wani lokaci sai an sauya allura, a Weber kuma jet, kuma wannan aikin wanda yake da na'urar auna hayaƙi ne.